Kalmasar da Kawu Yake Bari

Kawuna tela ne a Fagge. Fiye da shekara talatin yana shago ɗaya, a kan keke ɗaya, tsohuwar Butterfly mai feda wadda fentinta ya goge a daidai inda hannunsa yake sauka. Ina yaro, idan goman ƙarshe na azumi ta shigo, a shagon nake kwana. Aikina zura zare a allura, da hura gawayin dutsen guga, da kuma wani aiki da ban cika son tunawa da shi ba, wato gaya wa masu kaya cewa Kawu ya fita alhali yana bayan labule yana rama barci.

Akwai abin da Kawu ba ya yi ko da za a ninka masa kuɗi: ba ya karɓar awo da baki. Mace za ta zo da shadda a leda ta ce, "Malam, ai tsawonsu ɗaya da yaron maƙwabcinku, ka yanka kawai." Sai ya ce, "Hajiya, a kawo min yaron." Ta ce yana makaranta, ya ce a kawo shi bayan la'asar. Ta ce gidan da nisa, ya ce to kayan su jira. Idan an kawo yaron ya gwada kafaɗa da hannu da ƙugu da tsawo, ya rubuta da alli a bayan yadin. In ya zo yanka wando kuma sai ya ƙara yatsa huɗu a ƙafa, ya naɗe su ciki ya kalmashe, ya bar rara a ɗinkin gefe. Iyaye mata sukan yi ƙorafi cewa yana ɓarnar yadi. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Hajiya, tsawonsa na yau na gwada. Na baɗi ba a ba ni shi ba."

Ban sake tuna wannan magana da kyau ba sai ranar da shugaban sashenmu, a jami'ar da nake koyarwa, ya kira ni ofis ya turo min wani fayil mai kauri ya ce daga yau ni ne lebul kodineta na 'yan aji biyu. Wasu jami'o'in lebul adbaiza suke cewa, aikin dai ɗaya ne: malamin da aka ɗora wa kula da tafiyar karatun ɗaliban aji guda. Na tambaye shi me ake so in yi. Ya ce, "Sa hannu a fom ɗin rajista, sai haɗa sakamako." Iyakar horon da na samu ke nan.

Makon rajista layi ya miƙe daga ƙofar ofishina har bakin matakala, ɗalibai sun haura ɗari biyu, kowa da takarda huɗu iri ɗaya. Ranar farko na sa hannu har yatsuna suka sage. Ban ɗaga kai na kalli fuskar kowa ba. Sai da yamma ina tattara kwafin da aka bar min na fara duba abin da na sa wa hannu, gabana ya faɗi. Ga wani ya cika yunit 24 cif alhali zangon baya da kyar ya tsallake rabin abin da ya ɗauka. Ga wata ta yi rajistar kos na gaba ba ta ci na bayansa ba, wanda shi ne sharaɗin shiga. Ga wani ya manta gaba ɗaya da kariyobarsa, wato kos ɗin da ya faɗi a baya, ko kuma ya yi kamar ya manta, yana zaton idan bai kalle ta ba za ta tafi. Da na bincika washegari sai na gano yawancinsu ba su ne suka zaɓi kwasa-kwasan ba. Sun je kafe sun miƙa lambar rajista da kuɗi, yaron kafe ya buɗe fotal ya danna duk abin da ya danna wa wanda ya gabace su. Tsawonsu ɗaya da yaron maƙwabci ke nan. Ni kuma na ɗauki almakashi na yanka.

Tsarin da muke bi ba namu ba ne na asali, kuma sanin inda ya fito yana bayyana inda muka yi tuntuɓe. A Amurka ya girma. Da Charles Eliot ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869 ya buɗe wa ɗalibai ƙofar zaɓen darussa maimakon kowa ya bi layi ɗaya, sauran jami'o'i suka biyo baya. To da zarar an ce wa yaro ɗan shekara goma sha takwas ya zaɓa, dole a samar masa wanda zai zauna da shi ya taya shi zaɓen, shi ya sa ba da shawara kan karatu ya zama sana'a mai zaman kanta a can, da ofisoshi da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai shi. Mu a Nijeriya, a ƙarshen shekarun 1980 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa tsarin yunit da zango biyu a duk jami'o'i. Mun ɗauko keken ɗinkin da almakashin, tef ɗin awo ne muka baro. Doka ta ce ɗalibi ya ɗauki yunit tsakanin 15 da 24 a zango. Wannan tazara ta yunit tara an bar ta ne don a duba mutum a ga nawa wuyansa zai ɗauka. Idan ba wanda ya duba, kowa sai ya cika 24, don a ganinsa haka ake saurin gamawa.

Wani yaro ya same ni a farkon shekararsa ta uku, lokacin na riga na koyi ajiye biro in ce wa mutum ya zauna. Ya gaishe ni ya ce, "Malam, so nake in fita da tu-wan. Na yi wa Baba alƙawari." Na buɗe fayil ɗinsa. Shekara biyu, yunit 80, jimillar ji-pi, wato matsakaicin makinsa, 1.80. Na jawo farar takarda na ce, "Matso da kujera mu yi lissafi tare, kai za ka riƙe biro."

Lissafin ba wuya. A tana da maki biyar, B huɗu, C uku, haka har zuwa F mai sifili, kuma kowane maki ana ninka shi da nauyin yunit ɗin kos. Tu-wan, wato babbar daraja ta biyu ta digiri, tana farawa daga 3.50. Idan zai gama da yunit 160, yana buƙatar maki 560. Abin da ya tara a shekara biyu 144 ne. Saura 416, a cikin yunit 80. Na ce ya raba. Ya raba, ya samu 5.2. Ya sake rabawa. Na ce, "Ko da A za ka ci a kowane kos daga yau har ka fita, ba ko ɗaya da zai kuɓuce, a 3.40 za ka tsaya."

Ya daɗe yana kallon takardar. Can ya ce, "Malam, ke nan shi ke nan?"

Na ce, "Babbar riga ce ba za ta fita ba. Juya takardar mu gwada kaftani." Tu-tu tana farawa daga 2.40, wato maki 384. Ya cire 144, saura 240, a raba da 80, ya tashi uku daidai. C a kowane kos. Na ga kafaɗarsa ta ɗan sauka. Wannan abu ne da hannunsa zai kai, kuma da shi ƙofar digiri na biyu da ta yawancin guraben aiki ba ta rufe ba. Idan kuwa ya ci gaba da tafiya yadda yake, yana mafarkin 3.50 yana cika yunit 24 don ya kamo ta, tad kilas ce take jiransa, wataƙila ma da sifil-oba, wato ƙarin shekara, a kai.

Abin da ya fi cin raina shi ne da an yi wannan zaman shekara guda kafin nan, da labarin ya bambanta. Mai 1.80 a ƙarshen aji ɗaya, da yunit 40 kawai a bayansa, yana buƙatar ɗan abin da ya ɗara B a sauran shekara uku ya kai tu-wan. Da wuya, amma ana yi. Shekara ɗaya ta shiru ce ta mayar da mai wuya ya zama wanda ba ya yiwuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa sai ya bushe muke kiran taron duba sakamako.

Na sha ganin mutum ya kawo wa Kawu yadi biyar daga Kantin Kwari ya ce a fitar masa da babbar riga da jamfa da wando. Cikakken saiti kuwa yadi goma yake ci. Akwai telan da zai ce "ba damuwa, Alhaji," ya karɓi kuɗi, ya yi ta dabarar haɗa ƙyalle, ranar Sallah mutum ya fito kamar ya ari rigar ƙanensa. Kawu sai ya shimfiɗa yadin a gaban mai shi ya auna da tef yana gani, ya ce ga abin da zai fita, ga abin da ba zai fita ba. Wasu su yi fushi su kwashe kayansu. Da yawa sukan dawo. A cikinmu malamai ma akwai masu "ba damuwa". Yaro ya zo da damuwarsa a ce masa "ka dage kawai, Allah zai taimaka," a sallame shi. Maganar gaskiya ce, amma an yi amfani da ita ne don a gudu daga lissafi, kuma mai faɗinta ya fi tausayin kansa a kan yaron, don ba ya son ganin fuskar da na gani a kan waccan takarda.

Akwai kuma kishiyarsa, wanda ya fi muni. Shi ne malamin da zai ɗaga sakamakon yaro a gaban layi ya ce, "Kai me ya kawo ka jami'a?" Ban taɓa jin Kawu ya kushe yadin mutum ba. Ko mafi arha ne a kasuwa, sai ya murza shi tsakanin yatsu ya ce, "Zai yi." Ya san yadda aka yi aka saye shi. Ya san akwai wadda ta ɗauki adashinta na wata uku a kansa. Yaron da yake tsaye a gabana da 1.80, wataƙila an sayar da tunkiya kafin a biya masa rajista, wataƙila shi ne na farko a gidansu da ya taɓa taka jami'a, ba yaya ba kawu da zai gaya masa mene ne yunit. Idan aka kunyata shi sau ɗaya ba zai sake hawo matakalar nan ba sai ranar da ba makawa, wato ranar da yadi ya riga ya yanku.

Awo kuma ba a kafaɗa kaɗai yake tsayawa ba. Da na fara tambayar masu faɗuwa yadda suke kwana da yadda suke tashi, sai na ga rabin abin da muke kira rashin ƙoƙari yunwa ce da kuɗin mota. Ɗalibai suna da lissafinsu na ci, sifili-ɗaya-sifili, ba karin kumallo ba abincin dare. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. Yaron da yake zuwa daga bayan gari ya fara zaɓen ranakun da zai zo lakca. An sa hannu a dokar bashin karatu a watan Afrilun 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu, amma na sami ɗalibai da ba su nema ba don wani ya ce musu akwai ruwa a ciki, alhali bashin ba ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Minti biyar na bayani ya ishe su. Kodinetan da bai san wannan ba, tef ɗinsa gajere ne.

Sai batun wanda ya sayi yadin. A shagon Kawu, uba ko uwa ne suke zuwa da kaya, su ne suke faɗin irin ɗinkin, yaro yana tsaye kamar gunki. Haka jami'a take. Tun yana firamare ake kiransa "likita" a gida. Ya cika likitanci a fom ɗin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, maki bai kai ba, ko ya kai amma gurbi ya ƙare, don Majalisar Likitoci ta Ƙasa tana ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka. Sai a ba shi ilimin tsirrai ko kimiyyar sinadarai. Ya karɓa da ɗacin rai, ya shekara yana zaman makoki a aji, yana karatun JAMB a ɓoye don ya sake gwadawa. Ƙarshenta can bai samu ba, nan kuma ya zuba F. Na ga irin wannan fiye da yadda zan ƙirga. Abin da yake buƙata tun makon farko shi ne a gaya masa ƙa'idar canjin kos a fili: yaushe ake nema, wane ji-pi ake buƙata, wane sashe ne yake karɓa wane ne ƙofarsa a kulle take. Sannan a nuna masa cewa ko canjin yake so ko zama, hanyar ɗaya ce, ya ci jarrabawar da ke gabansa.

Akwai wata dabara ta Kawu da na daɗe ban gane ta ba. Idan ya zo gwada wuya, dole ya sunkuya kusa da kunnen yaron. A nan sai ya rage murya ya ce, "Aljihu nawa kake so?" Uwa tana can tana lissafin kuɗin aiki, ba ta ji ba. Yaro ya ce biyu, ko ya ce a sa masa na ɓoye a ciki. Launin yadin ba zaɓinsa ba ne, irin ɗinkin ma haka, amma ranar Sallah ka gan shi hannu a aljihu yana taƙama, don akwai abu ɗaya a jikin rigar nan da shi ya faɗa. Ni ma yanzu idan na ga yaron da aka jefa kos ɗin da ba ya so, nakan tambaye shi a cikin duk abin da aka koyar zangon nan wanne ne bai ji barci ba a ajinsa. Yawanci akwai ɗaya. Daga nan muke fara zaɓen kwasa-kwasan zaɓi, daga nan taken furojet yakan fito bayan shekara biyu.

Wata ɗaliba ta ɓace min zango guda cur. Da ta dawo, da jariri a baya, sakamakonta F ne daga sama har ƙasa. Na ce, "Malama, me ya hana ki rubuto takarda?" Ta ce, "Wace takarda, Malam?" Ba ta san ana iya neman dakatar da karatu na zango ko na shekara bisa uzuri ba, a rubuta ta hannun shugaban sashe, a haɗa da shaidar asibiti, hukuma ta amince, a ajiye wa mutum gurbinsa ba tare da sifili ko ɗaya ba. Yana nan a littafin dokokin ɗalibai da aka raba musu ranar rantsuwa, wanda ba mai buɗewa. Mai kaya idan tafiya ta kama shi yakan leƙo ya ce, "Malam, a ajiye min sai bayan Sallah," Kawu ya rubuta sunansa ya ɗora a kan kanta. Ita ba wanda ya gaya mata ana leƙowa. Laifin nawa ne, don na ga cikin, na sa hannu a fom ɗinta, ban ce komai ba.

Duk wannan awon yau ne, kuma ana iya koyonsa. Na baɗi ne mai wuya.

Ɗalibin jami'ar gwamnati a Nijeriya ya san ranar da ya shiga, ranar fita kuwa sai dai ya ce in Allah ya yarda, kuma ba don ladabi kawai yake faɗa ba. A 2013 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya ci daga Yuli zuwa Disamba. A 2020 ya fara a Maris, ya haɗu da kullen korona, bai ƙare ba sai Disamba, wata tara. A 2022 aka tafi ranar 14 ga Fabrairu aka dawo 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Wanda ya shiga a 2019 don karatun shekara huɗu, yajin aiki kaɗai ya cinye masa kusan shekara ɗaya da rabi. Ina cikin waɗanda suka ajiye alli, kuma har gobe ina ganin akwai dalili, amma ba zan ce ɗalibai ba su biya kuɗin ba. Dokar hidimar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ta ce wanda ya haura shekara talatin lokacin kammalawa takardar yafewa za a ba shi, ba zai sa kaki ba. Bankuna da manyan kamfanoni kuma sukan sa iyakar shekaru a tallan ɗaukar sababbin ma'aikata. Yaron da ya makara wajen shiga, ya sha JAMB sau uku, yana zaune a gida yana ƙirga watanni kamar mai kaya da ke kallon tela ranar jajibere an ɗauke wuta.

Da aka dawo a ƙarshen 2022 na lura da bambanci. Wasu sun dawo kamar an tashe su daga barci, sun manta har lambar rajistarsu. Wasu sun dawo da sana'a a hannu: wannan ya zauna a Farm Centre ya koyi gyaran waya, waccan ta koyi ɗinki, wancan ya kafa tebur ɗin POS a unguwarsu yana biya wa kansa rajista. Wasu kuma ba su dawo ba sam, kasuwa ta riƙe su, ko aure, ko kawai zuciya ta mutu.

Tambayar da ta fi kowace zuwa ofishina, yawanci bayan an gama maganar fom an miƙe za a fita, ita ce, "Malam, in na gama wannan kos ɗin aikin me zan yi?" Iyayenmu da suka gama a shekarun 1970 suna ba da labarin yadda aiki yake jiran mutum tun kafin sakamako ya fito, har da bashin mota. Da wannan awon suke auna 'ya'yansu, shi ya sa uba yake ganin in dai an samu kwali magana ta ƙare. Yaron kuwa yana ganin yayansa da kwali a akwati shekara biyar yana tuƙa A Daidaita Sahu. Yana tsakanin labarin uba da abin da idonsa ya gani, sai ya kawo min tambayar. Da farko nakan jero masa ma'aikatu kamar mai karanta allon tasha. Daga baya na daina, don na gane awon baɗi nake ba shi da baki, abin da Kawu ya ƙi yi.

Abin da nake yi yanzu shi ne mu nemi inda za a bar kalmasa. Wata shidan nan na koyon aiki a masana'antu, da ake kira SIWES, yadi ne mai kyau da yawancin ɗalibai suke yankewa su zubar: a sami wani ofis a sa musu hannu a littafi, su koma gida. Wanda ya je da gaske yakan fito da abu biyu, hannun da ya taɓa aiki da mutumin da ya san sunansa. Furojet ɗin shekarar ƙarshe ma haka. Wanda ya biya aka rubuta masa ya sami maki, wanda ya zauna ya yi da kansa ya koyi tattara bayani da rubuta shafi arba'in masu ma'ana, kuma wannan yana bin mutum ko ina ya faɗa. Kwamfuta, ba ta kallon Facebook ba, ta iya jera lissafi da tsara takarda. Faransanci, ga wanda yake da kunne, tunda Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk da shi suke aiki, kuma mu ne muke zaune a tsakiyarsu. Mai digirin kimiyya ya san cewa da difilomar koyarwa ta shekara ɗaya zai iya zama malami mai rajista. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake alƙawarin aiki. Rara ce a naɗe a ciki, ba a ganinta ranar bikin yaye ɗalibai, sai ranar da ƙafa ta yi tsawo ta wata fuskar da ba a zata ba a warware.

Sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta. Wannan ma kalmasa ce, in an yi amfani da ita. Tsorona kada ta zama kamar darasin koyon sana'a da aka wajabta wa kowa, wanda a wurare da yawa a kan allo ake koyar da shi, ɗalibi ya haddace ma'anar kasuwanci ya rubuta a jarrabawa bai taɓa sayar da ko ashana ba.

Kalmasa kuma tana da iyaka. Yatsa huɗu Kawu yake bari, ba kamu guda ba, don wandon da aka cika wa naɗi nauyi yake yi ya harɗe mai shi. Na ga yaran da tsoron gobe ya sa suka kama abu goma: kos ɗin intanet uku, sayar da data, ga maining, wato haƙar kuɗin intanet, da ya haukata matasa a 2024, kowa yana dangwalar waya a cikin lakca yana jiran ranar fashewa. Ji-pi yana zubewa suna cewa ai digiri ba ya ba da abinci. Irin waɗannan aikina in ce musu su rage, su zaɓi ɗaya su riƙe, su gama abin da ya kawo su. Tsoron da yake sa wani ya daskare shi ne yake sa wani ya yi ta tsalle, kuma daga nesa na biyun kamar mai himma yake.

Kwatancen yana da inda ya gaza, na sani. Yadi ba ya kuka, ba ya ɓoye maka cewa mahaifinsa ya rasu makon jarrabawa. Kuma Kawu kowace riga da kuɗinta, sunansa a unguwa ya dogara da yadda ta zauna a jikin mai ita. Malamin jami'a da maƙalun da ya wallafa ake ƙara masa girma. Awa ukun da ya ɓata yana lissafi da yara ba ta da gurbi a fom ɗin ƙarin girma, ga lakca, ga takardun jarrabawa ɗaruruwa, ga nasa cefanen da albashi bai kai ba. Idan abokin aikina ya sa hannu bai ɗaga kai ba, na san dalili, don na yi. Akwai cibiyoyin ba da shawara a jami'o'i, amma ɗalibai da yawa suna ɗaukarsu wurin masu taɓin hankali, ko ba su ma san inda ƙofar take ba. Da za a raba aji ɗaya ga malamai huɗu ko biyar, a ba su horo ko na kwana biyu ne, a hana fotal karɓar rajistar mai kariyoba sai ya zauna da wani, a kuma lissafa wannan aiki a cikin abin da ake duba wa malami, da an rage yadin da ake ɓatawa. Ba abin da ke buƙatar sabon gini a ciki.

Azumin bara na kai ɗana shagon. Idon Kawu ya yi rauni, yanzu yaransa ne suke yanka suke ɗinki, shi yana zaune a benci da carbi. Amma tef ɗin yana wuyansa, ba ya ba kowa. Ya jawo yaron ya gwada kafaɗa, ya gwada hannu, yana faɗa ɗan koyo yana rubutawa. Da aka zo tsawon wando ɗan koyon ya sa alli daidai idon sawu, Kawu ya lalubo wurin ya jera yatsunsa huɗu a ƙasan layin ya ce a sake zanawa. Sannan ya sa tef a wuyan yaron, ya sunkuya. Ina daga bakin ƙofa ban ji abin da ya ce ba, sai dai na ji ɗana ya ce, "Uku." Kawu ya karɓi allin da kansa ya rubuta uku a bayan yadin.